Darasi na Tara: Randa da Jarka, Suturar Fita Aiki a Shekarun Ɗaukewar Al'ada

Ƙarfe bakwai da rabi na safe ne, cikin watan Afrilu, a Kano. Wata malamar firamare da ba ta fi shekara arba'in da takwas ba tana cikin a-daidaita-sahu, su uku a baya, ita ce a tsakiya. Rana ko gama ɗagawa ba ta yi ba. Kwatsam sai ta ji wani zafi ya taso mata daga ƙirji, ya bi wuya, ya mamaye fuska, kamar an buɗe mata murfin tukunyar tuwo a gaba. Gabanta ya shiga faɗuwa. Kafin su kai danja ta gaba gumi ya karyo mata, ya jiƙa hular da ke ƙarƙashin hijabinta, yana gangarowa ta gadon baya. Yarinyar da ke gefenta ta dube ta ta ce, "Mama, lafiya? Ko ba ki jin daɗi ne?" Ta ce, "Lafiya lau 'yar nan, zafin gari ne." Ita kanta ta san ba zafin gari ba ne, don yarinyar ko ɗigon gumi babu a goshinta. Bayan minti uku abin ya lafa. Sai kuma wani sanyi-sanyi ya biyo baya, ga riga ta jiƙe sharkaf ta manne mata a jiki. Haka ta shiga aji, haka ta tsaya gaban allo, kuma sai wajen ƙarfe goma rigar ta bushe.

Da yawa daga cikinmu a wannan aji mun san wannan yanayi, ko a jikinmu, ko a jikin yaya, ko kishiya, ko uwa. Sai dai abu ne da ba a cika zancensa ba. Mace ta gwammace ta ce maleriya ce ko taifot, ta je kemis ta sayi magani, bayan wata guda ta sake komawa. Wata kuma a ce mata iska ce ta taɓa ta, ko an yi mata sammu. Darasinmu na yau a kan wannan zafi ne, musamman abin da mace mai fita nema za ta sa a jikinta don ta iya jure hanya da wurin aiki.

Daga ina zafin yake tasowa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Likitoci ba sa cewa ta ɗauke sai mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba. Amma tun kafin nan, wani lokaci da shekaru, al'ada takan fara wasa, wannan wata ta zo, wancan ta ƙi, wani lokaci ta zo da yawa. A wannan tsakani ne jakar ƙwan mace ke rage samar da wani sinadari da ake kira istirojin.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da aikinsa shi ne gadin zafin jiki, ya riƙe shi a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyos. Lokacin ƙuruciya wannan maigadi yana da haƙuri. Jiki ya ɗan yi ɗumi, ba ya tada hankalin kowa. Da sinadarin nan ya ragu sai ya koma kamar maigadin da ya kwana uku bai runtsa ba, kyanwa ta gifta ya busa usur. Ɗan ɗumi kaɗan, na kofin shayi, ko na cunkoson mota, ko na ɓacin rai, sai ya ɗauka jiki ya kama da wuta. Nan take ya buɗe hanyoyin jini na fata, jini ya kwararo sama, fuska da wuya su ɗau zafi, zuciya ta ƙara gudu, gumi ya keto. Da jiki ya zubar da zafin da bai ma yi masa yawa ba tun farko, sai sanyi ya kama mace.

Yawanci abin ba ya wuce minti ɗaya zuwa biyar. Wata sau biyu a mako yake zuwar mata, wata sau goma a yini, wata kuma har ta gama shekarun ba ta san da shi ba. Wani babban bincike da aka yi a kan matan Amurka, aka fitar da sakamakonsa a shekarar 2015, ya gano cewa matan da abin ke yawan damu sukan ɗauki kimanin shekara bakwai suna fama, kuma baƙaƙen fata a cikinsu sun fi daɗewa. Ke nan ba abu ba ne da za a ce a daure zuwa bayan salla. Shekaru ne na rayuwa, kuma su ne shekarun da mace ta fi kowane lokaci ɗawainiya: kuɗin makarantar yara, auren 'ya'ya, jinyar iyaye.

Mu fahimci abu ɗaya tun yanzu. Babu rigar da za ta hana zafin nan tasowa, don daga ciki yake. Abin da tufa ke iya yi shi ne ta bar shi ya fita da wuri, ko ta tsare shi.

Abin da randa ta sani

Kowa a nan ya sha ruwan randa ya kuma sha na jarka. A ajiye su a inuwa ɗaya, a zuba musu ruwan rijiya ɗaya, da azahar na randa ya yi sanyi, na jarka kamar an ɗumama shi don wankan jego. Dalili shi ne jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska tana busar da shi, kuma duk ruwan da ya bushe yana tafiya da zafi. Randa gumi take yi. Da wannan hikima ce wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da alayyafo ba tare da lantarki ba, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000.

Fatar mutum ma haka take aiki. Gumin da ya bushe a fata shi ne ke sanyaya jiki. Wanda ya taru ya kwanta tsakanin fata da riga bai sanyaya komai ba, sai wari da ƙaiƙayi da ƙurajen zafi a ƙarƙashin mama da matsematsi. In kin naɗe randa da leda, kin mayar da ita jarka. Yawancinmu abin da muke yi wa jikinmu ke nan kowace safiya ba mu sani ba.

Mu ƙirga abin da malamar firamaren nan ta cikin a-daidaita-sahu ta saka. Rigar mama mai soso, ɗinkin nailan. Shimi na roba. Siket na ciki mai santsi. Riga da siket na atamfa, amma tela ya yi musu shafi da yadin nan mai sheƙi. Hula mai roba a ka. Sannan dogon hijabi mai talewa har ƙasa. Atamfar tata ta auduga ce, mai tsada ma, amma an sa ta tsakanin leda biyu. In za ki gyara, kada ki fara da abin da mutane ke gani. Fara da abin da ke taɓa fatarki.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Zaren auduga daga tsiro yake, yana shan ruwa, kuma in saƙarsa ba ta yi kauri ba iska tana ratsa shi. Lilin ma daga tsiro yake, ya fi auduga saurin bushewa, sai dai tsada da yamutsewa. Foliyesta da nailan, waɗanda muke ce wa "mai roba", daga man fetur ake yin su, kamar bokitin roba da leda. Ba sa shan ruwa sosai. Sun yi araha, ba sa yamutsewa, ba sa buƙatar guga, shi ya sa suka cika kasuwa. Yawancin leshi, da yadin da mata ke ce wa matiriyal, da abaya ta kanti, da hijabin da ake sayarwa ɗinkakke, akwai roba a cikinsu.

A da, lokacin da masaƙun Kaduna da Kano ke aiki ba dare ba rana da audugar Funtuwa da Gusau, in an ce atamfa an gama magana, auduga ce. Yanzu sai an bincika. Akwai atamfa mai kyan zane, mai araha, wadda rabinta ko dukkanta roba ce. Saboda haka in kin shiga Kantin Kwari, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar ƙauyenku, kada ki tsaya ga kyan fure.

Duba bakin turmin. Tunda mun koyi karatu, ga amfaninsa: in an rubuta Cotton 100%, ko Coton a kayan ƙasashen Faransanci, auduga zalla ake nufi. In kin ga Polyester, roba ce. Amma rubutu ma yana ƙarya, don haka ki damƙi gefen yadin a tafin hannu ki matse, ki saki. Auduga za ta yamutse ta zauna a haka. Roba za ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba. Ɗaga shi ki kai baki ki hura, ki tara bayan hannunki ta ɗaya gefen. In ba ki ji iska ba, fatarki ma ba za ta ji ba.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta, kuma a gida ake yin sa. Zari zare biyu ko uku daga gefen yadin, ki riƙe da cokali ko ki ɗora a kan faranti na ƙarfe, da kofin ruwa a kusa, ki kyasta ashana. Auduga tana ci kamar takarda, warinta na ƙonanniyar takarda, tokarta fara-fara mai laushi, kina murzawa ta watse. Roba tana ƙanƙancewa ta guje wa wutar, ta narke, ta yi warin ƙonanniyar leda, ta bar wani baƙin dunƙule mai tauri kamar tsakuwa. Wanda aka gauraya zai nuna miki hali biyu.

Ga yadda ciniki zai iya kasancewa:

"Alhaji, wannan auduga ce ko da roba?"

"Haba Hajiya, wannan ai ita ake yayi. Ko guga ba ta so."

"Abin da nake gudu ke nan. Miƙo min wadda take son guga."

Kada ki ji kunyar tambaya, kuɗinki ne. Kuma kada wata ta ce wannan darasi na masu hali ne. Tsohuwar atamfar da ta sha wanki har ta yi laushi, wadda kika mayar ta zaman gida, ta fi sabuwar shadda sanyi nesa ba kusa ba, don sitaci da ƙaron da ke sa shadda ƙyalli suna toshe ƙofofin saƙa. A gwanjo ma ana samun shimi da riguna na auduga zalla a kuɗi kaɗan, in an duba ɗan ƙyallen da ke manne a wuya ko a gefe. Turmi guda yadi shida ne, ya isa doguwar riga yalwatacciya da ɗankwali, har a rage abin yin shimi.

Auduga ma tana da aibinta, gaskiya ɗaya ce. Tana shan gumi ta riƙe. A bazarar Sakkwato ko Damagaram, inda zafi ke haura digiri 40 amma iska a bushe take, kafin ki ankara ta bushe. A damina kuwa, ko ga wadda ke zaune a Legas ko zangon Kumasi inda iska ke ɗauke da laima, rigar auduga mai kauri takan daɗe a jiƙe. A can sai a nemi mara nauyi, irin boyel na auduga, a kuma riƙa tafiya da shimi na canji a jaka.

Wajen tela

Ɗinki yana da muhimmanci kamar yadi, wataƙila ma ya fi. A shekarar 1980 wasu masana suka yi mamakin yadda Larabawan hamadar Sina'i ke sa baƙaƙen riguna cikin rana. Da suka auna sai suka ga zafin da ke isa fatar mai baƙar riga da na mai fara kusan ɗaya ne, domin rigunan masu yalwa ne, iska tana shiga ta ƙasa ta fita ta wuya ta kwashe zafin kafin ya kai jiki. Ba cewa nake ki nemi baƙi ba. Baƙar abaya ta roba da ta kwanta a kafaɗa cikin ranar Afrilu azaba ce, kuma launi mai haske ya fi a rana. Abin lura shi ne iska ta sami hanya.

Kakanninmu sun san haka. Zane da riga buba, da bubu mai faɗin hannu, duk ɗinkin ƙasar zafi ne. Riga mai kama jiki ɗam, da siket mai matse ƙugu da zif, da hannu mai matse hamata, an yi su ne don hoton biki. Je wajen tela ki faɗa masa abin da kike so ba tare da kwana-kwana ba.

"Malam, kayan nan uku cire min shafinsu za ka yi."

"Hajiya, in an cire ba za su tsaya da kyau ba fa."

"Ba tsayuwa nake nema ba. Inda ya zama dole, sa min shafin auduga mara nauyi. Ka kuma saki hamatar, ka ƙara min faɗin wuya."

Teloli sun saba sa shafin roba don shi ne mai araha kuma yana sa ɗinki ya yi fasali. Ba mugunta ba ce, ba a taɓa ce musu a'a ba ne. Kuɗin cire shafi bai kai na sabon ɗinki ba.

A ciki kuwa, nemi ɗan kamfai na auduga, da rigar mama mara soso mai faɗin maɗauri. In cinyoyinki na gogar juna su yi ja, gajeren wando na auduga mai laushi ya fi siket na ciki.

Hijabi da mayafi

A nan ne maganar ta fi nauyi, don zafin nan a ƙirji da wuya da kai yake taruwa, daidai wurin da muke rufewa. Babu mai cewa a rage sutura. Sutura da sanyi ba sa faɗa da juna, yadin ne matsala. Hijabin roba mai talewa, mai matse haɓa, ga hula a ciki ga ɗankwali, kamar murfi ne a kan tukunya.

Sayi yadin auduga mara nauyi ki kai a ɗinka miki hijabi, a yi masa yalwa yadda iska za ta shiga ta ƙasa. Kafin ki saya ki ɗaga shi a rana ki sa hannu a baya, ki tabbata ba shara-shara ba ne. Kewayen fuska a sa maɗauri da za ki iya sassautawa, maimakon roba mai shiga nama. A ƙarƙashi abu ɗaya ya isa, ko hula ta auduga ko ɗankwali, ba duka biyun ba. Kitso ƙanana da aka tattara sama sun fi gashin da aka tara a ƙeya. Mai sa mayafi ta fi samun sauƙi ta wani fannin, don tana iya sassauta shi in ta shiga cikin mata, ta gyara in za ta fita.

Da hunturu kuma wata matsalar ce. Da asuba sanyi, sai mace ta jibga rigar sanyi mai shiga ta ka a ƙarƙashin hijabi. Zafin ya taso a mota, ba halin cirewa. Gara ki sa marasa nauyi biyu, na saman mai maɓalli ko zif a gaba, wanda za ki iya zarewa ko a zaune.

A hanya

Gaggawa tana cikin manyan masu tsokano zafin nan. Wadda ta makara, ta sha shayi mai tururi a tsaye, ta fito da sauri tana tare mota, kafin ta zauna ya taso. Fita da wuri da minti goma sha biyar, shayin ki bar shi ya huce. In kin lura yaji ko citta ko kofi na tayar miki da shi, ki bar su sai kin dawo gida. Jiki magayi, abin da ke tayar wa wata ba lalle ya tayar miki ba.

A a-daidaita-sahu ki nemi gefe. In kin tarar tsakiya ce ta rage, ba laifi ki ce wa yarinya, "'Yar nan, matsa ciki in zauna a baki, Allah ya yi miki albarka." Shekarunki sun ba ki wannan dama. Kujerar kuma leda ce, ta sha rana, in tafiyar da nisa shimfiɗa ɗan ƙyalle.

A bas ko tasi akwai lissafin da ya kamata a riƙe. Da safe rana tana gabas. In motar arewa ta nufa, kamar mai tasowa daga Na'ibawa ta bi titin Zariya zuwa cikin garin Kano, rana tana hannun dama, inuwa tana hagu, ɓangaren direba. Da yamma za ki dawo kudu, rana ta koma yamma, kuma yamma tana damanki. Ke nan zuwa da dawowa hagu za ki nema. Wadda ke tafiya kudu da safe ta dawo arewa da yamma, dama ce tata. Ki lissafa naki tun daga gida.

Jakarki kada ta rabu da gorar ruwa, da ƙaramin tawul ko hankici na auduga, da mafici. Fanka 'yar hannu mai caji tana da kyau, amma maficin kaba ba ya jiran wutar NEPA. In zafin ya taso, jiƙa hankicin ki ɗora a bayan wuya ta ƙarƙashin hijabi, ki kurɓi ruwa, ki ja numfashi a hankali ki sauke a hankali. Numfashin ba zai kashe zafin ba, amma yana rage faɗuwar gaba, kuma kin san minti kaɗan ne zai wuce.

A wurin aiki

Aiki iri-iri ne. Mai ofis ta roƙi a mayar da teburinta kusa da taga ko ƙarƙashin fanka. In ofishin mai na'urar sanyaya ɗaki ne, ta ajiye mayafi mara nauyi, don sanyin da ke biyo bayan gumi a irin wannan ɗaki yana shiga ƙashi. Malamar makaranta ta buɗe tagogin aji gaba da baya, ta ajiye ruwa a tebur. Ma'aikaciyar jinya da duk mai sa yunifom, in an ba ta yadin roba, ta nemi izinin ɗinka irinsa launi ɗaya da auduga. Sau da yawa ba hanawa ake yi ba, ba wadda ta tambaya ne. A Birtaniya, cikin watan Fabrairun 2024, hukumar kula da daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta fitar da jagora ga masu ɗaukar ma'aikata kan sauƙaƙa wa mata a waɗannan shekaru. Mu a nan sai mace ta buɗe baki da kanta. In shugaban namiji ne kuma kina jin nauyi, ba sai kin yi dogon bayani ba. "Ranka ya daɗe, ina da larurar da zafi ke damuna, ina roƙon a canza min wurin zama." Ko ku haɗu ku biyu ku uku ku je tare. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce mai tuyar ƙosai ko waina, da mai sayar da abinci, waɗanda ke wuni a bakin murhu. Wuta a gaba, wuta a ciki. A gare su maganar roba ta wuce ta jin daɗi, ta zama ta tsira da fata. Tartsatsi ya faɗa wa hijabin roba, narkewa yake ya manne a jiki. Auduga ma tana cin wuta, don haka ko ita a ɗaure ta tamau kada ta riƙa reto a kan kasko, amma ba ta narkewa. Ki zauna ta inda iska ke kaɗa hayaƙi ya bar ki, ki yi rumfa ko da ta buhu ce, in kwanon farko ya tashi ki miƙe ki sha iska, yarinya ta karɓe ki.

Alwala ma rahama ce. Ruwa a fuska da hannuwa da kai da ƙafa, azahar da la'asar, daidai lokacin da gari ya fi zafi. Kada ki yi saurin gogewa, bar iska ta busar. Lokacin azahar ɗin ne kuma ya dace ki canza shimi in ya jiƙe. Man shafawa mai kauri irin basilin a bar shi sai hunturu. Da azumi, tunda yanzu wata za ta yi talatin ɗin ba hutu, a rarraba shan ruwa tun daga buɗa-baki har sahur, kada a tara shi a lokaci ɗaya.

Dare shi ke gyara rana. Wadda gumi ya tasa daga barci sau uku ba za ta iya haƙuri da ɗalibai ko masu ciniki ba. Zanen gado na auduga, rigar barci mara nauyi, wata a kusa don canji. In katifar har yanzu tana cikin ledar da aka sayo ta, a cire. Gidan sauro dai ba a fasa shi saboda zafi.

Ba kowane gumi ba ne na shekaru

Kamar yadda bai kamata a mayar da zafin nan maleriya ba, haka bai kamata a jingina masa kowace cuta ba. Zafin ɗaukewar al'ada yana zuwa ya wuce cikin mintuna. Zazzaɓin da ya wuni, da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, a je a yi gwajin jini. Gumin dare tare da tarin da ya wuce mako biyu da rama, a je a duba tarin fuka, gwaji da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware. Gumi da bugun zuciya da rawar hannu da rama alhali ana cin abinci, ko kumburi a wuya, yana iya zama ciwon maƙoƙo. Mai shan maganin sukari da gumi ya karyo mata tare da jiri da rawar jiki, wataƙila sukarinta ne ya faɗi. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40 ta ga likita. Wadda kuma ta yi shekara guda ba jini sannan ta ga jini, ko ɗigo ne, kada ta kwana biyu tana shawara, ta tafi asibiti. A tuna kuma, muddin al'ada tana zuwa ko da jefi-jefi ne, ciki yana iya shiga.

In zafin ya hana ki barci da aiki duk da gyaran sutura, akwai magani. Likitan mata yana iya ba da maganin da ke mayar da sinadarin da ya ragu, kuma yana aiki sosai. Sai dai ba kowa ake ba ba. Wadda ta taɓa ciwon dajin mama ko daskarewar jini a jijiya, akwai wasu magungunan dabam da za a duba mata. Shi ya sa ba a karɓar sa daga hannun ƙawa, ba a kuma sayen ƙullin da mai lasifika ke tallarsa a tasha.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi, kuma ina alaƙarsa da gumi?
2. Kin ƙona zare ya narke ya bar baƙin dunƙule. Wane irin yadi ne?
3. Daga gidanku zuwa wurin aikinki ko kasuwa, wace kusurwa mota ke fuskanta da safe? A wane ɓangare za ki zauna?
4. Rubuta alamu biyu da za su sa mace ta tafi asibiti maimakon ta ce shekaru ne.

Aikin gida

A littafinki ki ja layi bakwai, ɗaya ga kowace rana. Duk lokacin da zafin ya taso ki rubuta ƙarfe nawa ne, me kika ci ko kika sha, me ke jikinki. Wadda ba ta kai shekarun ba ta yi wa yayarta ko mahaifiyarta, in sun yarda. Maza da ke ajin nan kuma, ku karanta wa iyalinku wannan darasi da daddare.

Mako mai zuwa kowa ta biya wajen tela ta roƙo ƙyallaye uku na yadi daban-daban, ta haɗo da ɗan zare daga gefen hijabin da ta fi sawa. Malama za ta kawo ashana da faranti da bokitin ruwa, a tsakar gida za mu yi gwajin.